Ja, Rawaya da Kuloko: Waiwaye a kan Rinin Alaben Sakkwato

Duk wanda ya taɓa riƙe alaben da dukawan Sakkwato na dauri suka ɗinka, irin wanda ya shekara da shekaru a aljihun mai shi har gumi da maiƙon hannu suka ratsa shi, ya san cewa jan da ke jikinsa ba ja ɗaya ba ne, domin idan aka karkata shi wajen hasken hantsi sai a ga wani ja yana leƙowa daga ƙarƙashin wani, na sama mai duhu, na ƙasa mai haske, baƙin zane kuma ya zauna a kansu daram, bai malala ba, bai kuwa dushe ba. Wannan abu ba dace ba ne, kuma ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba. Aiki ne da aka yi shi hawa-hawa bisa tartibi sananne, kowane launi yana jiran lokacinsa, kowane kuma yana dogara ga wanda ya riga shi shiga fatar. Wannan tartibi shi nake son in waiwaya, domin a ganina shi ne abin da ya fi saurin sulalewa daga hannunmu, alhali launukan kansu sai ƙaruwa suke yi a kasuwa.

Sana'ar fata a wannan birni ta girma ne tare da birnin. Tun da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu kuma ya komo cikinta a 1815, sai ma'abota sana'o'i suka yi ta kwararowa daga ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi da waɗanda suka fi su nisa, kowace jama'a ta kama shiyarta, har yau kuwa sunayen shiyoyin suna ba da shaida, kamar Majema da Madunka da Siriddawa da Takalmawa da Marina. Ba kuwa haka kawai abin ya auku ba, gama Sarkin Musulmi Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa cikin abubuwan da suka wajaba a kan shugaba. Daula ce ta doki da littafi, dukansu biyu kuwa ba su rayuwa sai da fata: doki yana bukatar sirdi da linzami da ragama, takobi yana bukatar kube, littafi kuma yana bukatar tadarishi da gafaka. Baturen nan Kilafatan, wanda ya zo wurin Bello a 1824, ya kuma dawo ya rasu a nan a 1827, ya iske sana'ar tana ci. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, da ya ratso a 1853, kayan fata na cikin abin da ya yaba a kasuwar Sakkwato. Fatake kuwa sun daɗe suna ɗaure jar fata a bayan raƙuma, su bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, daga can ta haye teku, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko, ba tare da galibinsu sun san daga wace ƙasa akuyar ta fito ba. Wajen 1901, lokacin da masu ɗaurin littattafai a Ingila suka firgita da yadda fatun masana'antunsu ke ruɓewa a kan kantocin ɗakunan karatu, wani gwaninsu mai suna Douglas Cockerell ya fito fili ya fifita fatar akuyar da kamfanin Neja ke kai musu daga ƙasarmu, saboda ƙarkonta da kyan launinta.

Asalin wannan daraja yana ga jar akuya, wadda ake kira akuyar Sakkwato a nan, a ƙetaren iyaka kuma akuyar Maraɗi, dabba ce ɗaya. Fatarta siririya ce amma matsattsiya, idonta ƙanana ne a jere, tana lanƙwasuwa ba ta karyewa, shi ya sa ta dace da abin da za a buɗe a rufe sau da yawa a yini kamar alabe da zabira. Malamanmu ma ba su bar sha'anin fata a bayan ƙofa ba, domin duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta kan hukuncin fatar mushe idan an jeme ta, cewa a mazhabar Malikiyya ana amfani da ita amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Saboda haka majemi mai tsoron Allah yakan so ya san fatar da ta shigo hannunsa ta yankakkiyar dabba ce. Wanda kuma ke ƙyamar majemi saboda warin sana'arsa, ya tuna cewa Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi, Allah ya ƙara mata yarda, jima take yi da hannunta, tana ɗinki, ta yi sadaka da abin da ta samu.

To, hawa na farko na rini, wanda ido ba ya ganinsa, kuma mai saye ba ya tambayarsa, shi ne jimar kanta. Bayan an jiƙa fata, an tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki, an ɗora ta a kan gungume an karce da kartaji, an kuma sa ta a ruwan fatakka domin ta saki jiki ta yi laushi, sai a daka 'ya'yan bagaruwa a jiƙa a kwatarniya, a nutsa fatar a ciki ana juyawa ana murzawa har bagaruwa ta kai cikin cikinta. Majemi yakan yanki ɗan gefe ya duba, in ya ga farin layi a tsakiya to da saura. Daga nan a shafe ta da man gyaɗa daidai gwargwado, a buga, a wanke, ta fito fara-fara mai ɗan ƙasa-ƙasa. Duk abin da zai biyo baya, ja ne ko rawaya ko baƙi, da wannan bagaruwa da ta zauna a jikin fatar zai yi mu'amala; idan jima ta yi rauni rini zai kama nan ya bar can, idan kuma mai ya yi yawa ruwan rini zai zame ya ƙi shiga.

Sa'an nan ja. Ba daga kanti yake zuwa ba, daga gona yake zuwa, domin karan dafi wata irin dawa ce da manomi ke shukawa ba don hatsinta ba sai don jan kuben ganyen da ke lulluɓe da karan, wanda ake ɓarewa a shanya a daka. Garin ba ya sakin launinsa sosai a ruwa zalla, sai an haɗa shi da ruwan toka ko ɗan kanwa, nan take ruwan ya rine ya yi duhu. Ana shafa shi a fuskar fata da tsumma ko da tafin hannu, ana murzawa, shafar farko kuwa ba ta ƙayatar da kowa, don fatar takan fito da dabbare-dabbare, ja-ja ba ja ba. A nan ne haƙurin ma'abocin sana'a yake bayyana, gama ba ya ƙara kaurin rinin domin ya gama da wuri, sai ya bar ta ta sha iska a inuwa, ya sake shafawa da ruwa tsararo, ya sake bari, har jan ya cika ya daidaita daga wuya zuwa gindin wutsiya. Amma jan da toka ta fitar ja ne mai nauyi, mai karkata zuwa duhu, ba shi ne jan da aka san Sakkwato da shi ba. Sai an bi bayansa da ruwan lemun tsami, ko ruwan tsamiya, tsamin ya kashe kaifin tokar, sa'an nan launin ya buɗe ya washe, ya zama jan nan mai rai da Larabawan Gadamas ke nema. Wanda bai taɓa ganin wannan juyi da idonsa ba, da wuya ya yarda cewa lemu biyu-uku za su iya sauya fata sukutum cikin ɗan lokacin da bai kai na alwala ba.

Rawaya kuwa sha'aninta ya fi wuya, kuma a nan ne tartibin ya fara nuna hikimarsa. Ana samunta daga saiwar gangamau, launi ne mai sauƙin kamawa, mai sauƙin gudu idan rana ta dake shi, kuma ba ya jituwa da toka ko kanwa, domin da zarar ruwan toka ya taɓa shi sai ya juye ya koma ja-ja mai ƙasa-ƙasa. Saboda haka wanda ke son rawaya tsantsa, a cikin aljihun alabe ko a bakinsa, wajibi ne ya nisanta ta daga kwatarniyar ja, ya kuma wanke hannunsa tsakaninsu. Wanda kuma ke son ruwan goro, sai ya fara shimfiɗa rawaya, ta bushe, ya bi ta da ja marar kauri, ta yadda na ƙasa zai riƙa haskaka na sama. Ba a juya wannan jeri. Mai haske ne ke fara shiga, mai duhu ya biyo, domin rawaya a kan ja ɓata saiwa ne kawai, ba ta da ƙarfin da za ta bayyana.

Na ƙarshen shiga shi ne kuloko, kuma shi ne wanda na fi jin daɗin tunaninsa, domin ba rini ba ne irin sauran. Kashin maƙera ake tarawa, ko tsofaffin guntayen ƙarfe, a zuba a tukunya da ruwa da ɗan abin zaƙi kamar zuma ko sukari, a rufe a ajiye kwanaki har ya yi tsami. Ruwan da ke fitowa ba baƙi ba ne ƙirin, in ka shafa shi a farin ƙyalle ba zai ba ka abin kirki ba; amma da ya sauka a kan fatar da ta sha bagaruwa, sai ƙarfen da ke cikinsa ya gamu da ɗacin bagaruwar da ke jiran sa, baƙi ya tashi daga cikin fatar kanta, yana ƙara duhu yayin da iska ke bugunsa. Wannan haɗuwa ta ƙarfe da bagaruwa ita ce kuma asalin wata tawadar da malamai ke rubutu da ita a takarda, wadda ba ta wankuwa kamar tawadar allo, ta haka sai ya zamana littafin da gafakarsa da abu guda aka yi musu baƙi. Tun da yake baƙin daga ciki yake fitowa, ba ya goguwa, ba ya kuma karɓar gyara, ɗigo ɗaya a inda ba a nufa ba ya zauna ke nan. Ko wuƙa mai laima aka manta a kan jemammiyar fata sai ta bar tabo. Kuma lalle lemun tsami ya riga shi, domin tsami yana cin baƙin ƙarfe, wanda ya zana kuloko sa'an nan ya tuna bai washe jansa ba, to ko dai ya haƙura da ja mai duhu ko ya ɓata zanensa. In kuma aka cika masa ƙarfi, bayan shekaru sai layin ya bushe ya tsattsage, abin da ake gani a jikin waɗansu tsofaffin gafakoki.

Ina yaro na sha zama a zauren wani dattijon baduku a shiyar Madunka, aminin mahaifina ne, ina kallon yadda yake ƙarasa alabe. Ya riga ya yanka, ya jera aljihunan ciki, ya rage fuskar waje. Sai ya ɗora jar fatar a kan wani allon katako da ya yi santsi don tsufa, ya ɗauko ɗan ƙarfe marar kaifi ya danna layukan zanen tukuna, babu launi, sai gurbi kawai. Sa'an nan ya tsoma tsinke a ɗan kaskon kuloko, ya karkaɗe, ya bi gurbin nan da shi a hankali yana riƙe da numfashinsa, layin yana fitowa toka-toka a bayan tsinken, kafin ya kai ƙarshe farkon ya yi baƙi. Na ce, “Baba, ai bai kama ba, a ƙara.” Bai ɗago kai ba ya ce, “Bari shi sha iska, ɗana, shina zuwa.” Da ya bushe sai ya ɗauki aska ya tsaga fuskar fatar sama-sama a tsakanin waɗansu layukan, ya ɓare jan da bakin askar, farin cikin fatar ya bayyana, ya zama launi na uku ba tare da an shafa kome ba. A tsakiya kuma ya huda 'yan tagogi ya sa korino a ƙarƙashinsu, watau siririyar koriyar fatar nan da ake samun launinta daga garin tagulla, wadda ba a shafa ta a kan ja, dabam ake yinta, tsadarta kuma ta sa ba a sa ta sai kaɗan-kaɗan. Daga ƙarshe ya ɗiga mai a tafinsa, ya shafe, ya ɗauko wani mulmulallen dutse ya yi ta guga har fuskar ta ɗauki sheƙi, launukan huɗu suka zauna wuri guda kamar tare aka halicce su.

Sauyi bai zo rana ɗaya ba, kuma ba daga ƙofa ɗaya ya shigo ba. A 1856 wani saurayi Baturen Ingila, William Perkin, ya fitar da launi daga kwaltar gawayin ƙasa, masana'antun Jamus suka ɗauki abin suka yawaita shi, har garin rinin nan da muke kira galura ya iso kasuwanninmu cikin ƙananan gwangwanaye. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, sai hanyar raƙumi ta mutu, fata ta juya ta fuskanci Ikko. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, kamfanonin ba jemammiyar fata rinanniya suka fi so ba, ɗanya busasshiya suke nema domin su jeme ta a ƙasarsu yadda suke so, saboda haka fatu mafiya kyau suka riƙa wuce majemi da baduku, abin da aka tsince ya rage shi ne rabon gida. Adalci ne a faɗi cewa zamanin ya zo da alheri, domin ma'aikatan duba fatu sun koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda ba, da shanya a inuwa maimakon a ƙasa cikin rana, daga baya kuma aka kafa cibiyar binciken fata a Samarun Zariya. Amma duk wannan hidima an yi ta ne domin fatar da za ta fita waje, ba domin jan da ke cikin kwatarniyar majemi ba.

Ba na cikin masu zagin galura. Ta sauƙaƙa wa talaka, ta kawo shuɗi da kore da shunayya waɗanda dā sai mai hali, kuma na ga dukawan da suke sarrafa ta da ladabin aikin dā, suna tsarara ta, suna shafawa sau da yawa, mai haske kafin mai duhu, aikinsu kuwa yana fita da kyau. Illarta ita ce ba ta tilasta wa kowa wannan ladabi. Karan dafi ba ya ba ka ja sai ka bi shi ta hanyarsa, kuloko ba ya ba ka baƙi sai jima ta inganta, ta haka kayan aikin da kansu suke tsare ingancin aikin, ko da babu muhtasibi a kasuwa. Galura kuwa cokali guda a ruwa ya isa ya rufe fatar da ba ta jemu ba, ya ɓoye tabo da ƙuna, a shafa mata ruwan sheƙi a kai, mai saye ya ga ja ƙyal-ƙyal ya biya, sai ranar da zufa ta jiƙa aljihunsa ya tarar jan ya koma jikin farar rigarsa. Ɓoye aibin haja kuwa algus ne, hukuncinsa sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami, ko da an yi shi da launi mai kyau. Daɗin daɗawa, fatar da manyan masana'antun Kano na Challawa da Sharaɗa ke jemewa da gishirin kurom ba ta da bagaruwa a jikinta, saboda haka in ka shafa mata kuloko ba abin da zai tashi; yaron da ya koyi sana'a a kan ragowar irin wannan fata ba shi da dalilin sanin kuloko, balle ya san abin da ya sa lemu ke riga shi.

Alaben ma kansa ya sauya siffa bisa sauyin abin da ake zubawa a ciki. Na dā mai zurfi ne, mai aljihu cikin aljihu, don anini da kwabo mai huda da sule, da 'yar takardar addu'a a can ƙurya. Da takardar fam ta yawaita, naira kuma ta maye gurbinta a 1973, sai ya baje ya yi faɗi. Yau kuwa ya zama ɗan siriri mai ramukan katin banki da katin shaida, fuskar da za a yi wa zane ta ƙanƙance, gefuna suka yawaita. Wannan bai kashe sana'a ba, hasali ma ya buɗe wa rini wani fage, gama gefen da aka yanka yana son a bi shi da duhu a goge, cikin aljihu yana son rawaya ko farar fata don kada ya rina kati. Abin da ya fi cutar da baduku shi ne walat ɗin roba da ake shigowa da su buhu-buhu, masu kama da fata a ido, waɗanda kuɗinsu bai kai na ɗanyar fatar akuya ɗaya ba, da kuma mai saye da idonsa ya daina rarrabe jan da ya shiga fata da wanda aka ɗora mata.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, domin gwani ba ya daɗewa a inda babu mai gane gwaninta. Iyayenmu sukan lanƙwasa alabe su duba ko launin zai tsage a lanƙwasar, su murza shi da ɗan yatsa mai laima, su shinshina su ji ƙanshin bagaruwa da man gyaɗa, sa'an nan a shiga ciniki. Baduku ya san za a yi masa wannan jarrabawa, shi ya sa yake shafa ja har sau nawa ba ya ƙosawa. Kuma jan nan ba aikin mutum ɗaya ba ne: akwai manomin da ya ware kunya biyu-uku a gefen gonarsa don karan dafi, da matan da ke tsintar bagaruwa a fadama, da maƙerin da ke tara kashin maƙerarsa, da mahaucin da ya feɗe akuya bai huda ba. Yanzu karan dafi ya fi samun kasuwa wurin masu neman maganin ƙarin jini, bagaruwa kuma gatarin masu itace da gawayi yana binta. Har yau akwai dattawa a Majema da Madunka da suka san jerin nan daga toka har zuwa dutsen guga, kuma za su yi shi idan aka ba su aikin aka biya su kuɗin kwanakin da yake ci, domin alaben galura ana gama shi a yini, na karan dafi da kuloko kuwa sai an jira kowane hawa ya bushe kafin a ɗora na gaba.